Ya Mai Jiki? To, Mai Jinyar Fa?

Mutanen Arikya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, mutanen Lafiya, da duk inda muryar nan ta kai, ku saurara. Sharhinmu na yau a kan wani mutum ne da kowa ya taɓa gaisarwa, amma ba kasafai ake tambayar halin da yake ciki ba. Ina nufin mai jinya, musamman wanda Allah ya ɗora wa jinyar mai ciwon daji, wato sankara, ko kansa kamar yadda wasu ke cewa.

Ku lura da yadda muke dubiya. Ka yi sallama ka shiga, ka sami wuri ka zauna, ka dubi matar da ke gefen katifa da mafici a hannu, ka ce, "Sannu, ya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ka ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne." Ka ajiye 'yar ledar lemo ko abin da ya sawwaƙa, ka tashi. Gaisuwar ta bi ta kanta ne kawai ta wuce, kamar yadda ruwan sama ke bin indararo. Alhali wataƙila rabonta da cikakken barci tun kafin a shuka masara, ga shi har an karye ta.

Harshenmu ya riga mu gane wannan al'amari. Idan aka ce maka, "Wance tana asibiti tana jinya," dole ka sake tambaya: ita ce a kwance, ko wani take kula da shi? Kalma ɗaya ce ta ɗauki mutum biyu. Magabata sun san cewa idan ciwo ya shiga gida ya daɗe, wanda ke kwance da wanda ke zaune a gefensa duk jinya suke yi.

Bari in kai ku wani ɗaki da ƙarfe 2 na dare. Ba zan kira suna ba, domin irin ɗakin nan ba wata unguwa da ba ta taɓa ganinsa ba. Tsohuwa ce kwance, dajin mama ya kama ta, har ya fashe ya zama gyambo. 'Yarta ta baro ɗakin mijinta da goyo ta dawo gida. Babu wuta, sai fitilar waya da ta jingina da kwanon sha. Tsohuwa ta yi nishi ta ce, "'Yar nan, juya ni." Ta tashi ta sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ta juya ta a hankali, domin malamar asibiti ta ce kada a bar ta awa biyu a gefe ɗaya, in ba haka ba fatar baya za ta saɓule. Ta taɓa zani ta ji ya jiƙe, ta sauya. Ta ɗauko ruwan ɗumi da ɗan gishiri ta wanke gyambon. Warin yana bugun hanci, amma ta saki fuska don kada uwar ta gani ta ji kunya. Kafin ta gama, jariri ya farka yana neman nono. Tana rufe ido aka kira sallah. Ta ɗebo ruwa, ta wanke zannuwa, ta dama kunu. Cokali biyu tsohuwa ta sha ta kau da kai. "Inna, daure ki ƙara ko ɗaya ne." Tsohuwa ta dube ta da idanun da suka faɗa, ta ce, "Bar ni haka. Ke kin ci wani abu kuwa?"

Masu sauraro, a duk mutanen da suka shiga ɗakin nan a ranar, mara lafiyar ce kaɗai ta yi wannan tambaya.

Irin wannan ɗaki ba kaɗan ba ne a ƙasar nan. Ƙididdigar cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 kusan mutum 128,000 ne aka ƙiyasta sun kamu da ciwon a Najeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu a dalilinsa. Dajin mama ne a gaba, da mata sama da 32,000, sai na mafitsarar maza, sai na bakin mahaifa. Bayan kowane ɗaya daga cikin mutanen nan akwai aƙalla mutum ɗaya da ya ajiye gonarsa, ko sana'arsa, ko karatunsa. Wannan mutumin ba ya cikin ƙididdigar, ba shi da kati a asibiti, ba shi da gado, ba wanda ke auna jininsa. Kuma galibi mace ce: mata, ko 'ya, ko ƙanwa, ko suruka, wani lokaci ma kishiya.

Jinyar daji ta bambanta da ta zazzaɓin cizon sauro da ake warkewa cikin mako, domin tafiya ce mai nisa, a kan hanya da kuma a cikin kwanaki. Mutumin Arikya zai fara da ƙaramin asibitin da ke kusa, daga nan a ce sai Lafiya, asibitin da muka sani da sunan Dalhatu Araf, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. A yanki ɗan nama a kai gwaji, a jira sakamako. Idan aka fara maganin nan da ake ƙarawa ta jijiya, wanda ake kira kemo, yawanci duk bayan mako uku ake komawa, sau shida ko fiye. Idan likita ya ce sai an yi gashi, wato ƙona ciwon da na'ura, to an doshi Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja ke nan, ta Akwanga da Keffi da Mararaba, ko kuma asibitin Shika a Zariya. Shi kuwa gashi ana yin sa ne kwana biyar a mako, makonni a jere. Ba za ka je ka dawo kullum ba. Sai mai jinya ta nemi ɗan'uwan da zai ba su masauki, in babu kuwa ta shimfiɗa tabarma a baranda, sauro ya yi ta shagali. Ita ce mai bin layin kati, mai zuwa ɗakin gwaji, mai neman wanda zai ba da jini, mai zagaya kantunan magani da takardar da ba ta iya karantawa, a garin da ba ta san kowa ba.

Sai maganar kuɗi. A Najeriya, cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan lafiya, sama da 70 daga aljihun mutane take fitowa kai tsaye. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya karya gida, balle mutum biyu ne ke tafiya kowane zuwa. Mun san yadda abin ke tafiya a ƙauye. A fara da akuya. A sayar da buhun riɗi tun yana araha. A taɓa irin doyar da aka ajiye don baɗi. Daga nan a jinginar da gona. Jinya kuma ba ta san damina ba: ranar da ya kamata a yi noman farko, ranar ce likita ya ba da. Ciyawa ta cinye gona, kaka ta zo rumbu ya zama wayam, ga bashi. Yarinyar da ke aji biyu a sakandare a ce ta zauna gida ta riƙa girki da raino "kafin a ga yadda hali zai yi", kuma sau da yawa daga nan karatun ya ƙare.

Akwai kuma kayan da ba a gani. Likita yakan ja mai jinya gefe ya faɗa mata gaskiyar inda ciwon ya kai. Dangi su ce kada a kuskura a gaya wa mara lafiya. Sai ta koma ɗaki da wannan dutse a ƙirji, tana murmushi tana cewa, "Sun ce za ki warke." Ga masu ba da shawara. Wannan ya ce jifa ne, a nemi mai karya sammu. Wancan ya ce daji ba ya son ƙarfe, duk wanda ya bari aka sa allura ko wuƙa ya kashe ta da hannunsa. Idan ta bi asibiti jiki ya yi tsanani, gashin kai ya zube, a ce ita ta jawo. Idan ta tsaya gida, a ce ta yi sakaci. Waɗanda ba su kwana ko sau ɗaya a ɗakin ba su ne suka fi kowa yawan hukunci. Ya kamata a faɗa a fili: aikin tiyata ko allura ba su ne ke yaɗa daji ba. Abin da ke cutar da mu shi ne jinkiri, domin akasarin masu ciwon a ƙasar nan ba sa isa asibiti sai ya yi nisa. Kuma daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko taɓa jiki, ko kwana ɗaki ɗaya. Masu guje wa gidan, suna barin mutum ɗaya da aiki, ba su da hujja.

To, me ke faruwa da jikin da ke ɗauke da wannan duka? Ciwon kai da ba ya jin magani. Ciwon baya saboda ɗaga babba. Hawan jini, ko ciwon ciki saboda zama da yunwa. Mantuwa, saurin fushi, kuka ba dalili. Wata rana ta daka wa mara lafiya tsawa, sannan ta koma bayan ɗaki tana kuka tana tuhumar kanta. Wata ma zuciyarta ta raya mata cewa da Allah zai ɗauki ran kowa ya huta, sai ta firgita ta ɗauka imaninta ne ya raunana. 'Yar'uwa, idan kina saurare, wannan gajiya ce, kuma masu jinya a ko'ina cikin duniya suna shiga irin wannan hali. Ba ya nuna ƙarancin ƙauna. Jiki ne yake neman haƙƙinsa.

Masana lafiya sun daɗe da gane haka. A 1967 wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan. Ita ce ta koyar da cewa zafin ciwo ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da na iyali, da na ruhi, kuma ba a raba mara lafiya da iyalinsa wajen kulawa. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa irin wannan kulawa ta sassauta raɗaɗi ta zama ɓangare na tsarin lafiyar kowace ƙasa. Kada wani ya ce wannan sai ƙasashen masu kuɗi. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a nan Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Kampala ta Yuganda, da maganin zafi na ruwa mai araha, wato mofin, da ake ba mara lafiya a gidansa. Daga 2004 Yuganda ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, don kada mutumin ƙauye ya jira likita. Ku duba amfanin wannan ga mai jinya: idan zafi ya lafa mara lafiya ya yi barci, ita ma ta samu ta runtsa. A jihar Kerala ta Indiya kuwa, maƙwabta ne suka ɗauki nauyin. Ana horar da 'yan sa kai daga cikin unguwa, malamai da 'yan kasuwa da ɗalibai, su riƙa zagaya gidajen marasa lafiya, ma'aikaciyar jinya na biye da su lokaci zuwa lokaci. A 2008 gwamnatin jihar ta mayar da abin manufa a rubuce.

Abin da mutanen Kerala suka yi, mu muna da sunansa tun kaka da kakanni. Sunansa gayya. Idan gonar mutum ta fi ƙarfinsa, ana kiran gayya a nome ta rana ɗaya. Idan za a ɗora jinka, ba a barin mai ɗaki shi kaɗai. Me ya sa jinya, wadda ta fi noma wuya, ita ce muke bar wa mutum ɗaya?

Gayyar jinya daga cikin gida take farawa. Ranar da aka tabbatar da ciwon, babban gida ya tara 'ya'ya da dangi a raba aiki da suna da rana. Wane ne mai rakiya asibiti. Wance ce mai kwana Litinin da Alhamis. Na birni da ba zai iya zuwa ba, a yanka masa abin da zai riƙa turowa duk wata, kada a bar mai jinya tana bin sa da kira kamar mai bara. A sami littafi ɗaya a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da lokutan magani, da ranar komawa asibiti. Littafin nan yana kashe zargi, domin mun sha ganin wadda ta ƙare ƙarfinta a jinya, daga baya a ce ta ci kuɗin magani.

Maza, da ku nake. Biyan kuɗi babban abu ne, Allah ya saka, amma bai sauke sauran nauyin ba. Ɗaga mahaifi zuwa banɗaki, yi masa wanka, aske masa kai, kwana a gefensa, aikin ɗa namiji ne, kuma shi kansa tsohon ya fi sakewa da ɗansa. Wanda kuma matarsa ta tafi jinyar iyayenta, kada ya bi ta da gori ko barazanar saki. Yau gare ta, gobe gare ka.

Masu dubiya, a gyara salo. Kada a cika ɗaki na tsawon awa uku har mai jinya ta koma hidimar baƙi. Kada a ba da labarin wane da irin wannan ciwo ya kashe. Kada a ce, "In kina buƙatar wani abu ki faɗa," domin kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba. Ki zo da tuwo a kula. Ki kwashi wankin ki tafi da shi. Ka aiko yaro ya cika randa. Ki ce, "Yaya, je ki ɗakina ki kwanta, ni zan zauna da Inna har la'asar." Barcin awa uku a gidan maƙwabta ya fi mata buhun lemo. Matasan unguwa kuma, ga gonar gidan can ciyawa na cinyewa. Safiya ɗaya ta ishe ku.

Limamai da fastoci, Arikya da kewayenta gari ne na masallaci da coci, kuma ciwo ba ya tambayar addini. Ku riƙa ambaton masu jinya a huɗuba da wa'azi. Haƙuri ibada ne, amma a gaya wa jama'a cewa neman taimako ba ya rage lada. A ware wani abu daga zakka da sadaka da baiko don gidajen da ke cikin doguwar jinya. Ƙungiyoyin mata masu adashe su duba ko za su ba mai jinya ɗauka kafin layinta ya zo.

Ga ma'aikatan lafiya, mun san aiki ya yi muku yawa. Amma minti goma da za a ɗauka a nuna wa mai jinya yadda ake juya mara lafiya ba tare da ta karya bayanta ba, da yadda ake wanke gyambo da safar hannu, da lokutan ba da maganin zafi, zai rage muku dawowar gaggawa. A gaya mata da harshen da take ji cewa zazzaɓi ga mai karɓar kemo ba abin jira ba ne, a garzaya asibiti ko da tsakar dare. A kuma ɗaura mata abin awon jini ita ma.

Sai hukuma. Gwamnatin Tarayya tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin mama, da na bakin mahaifa, da na mafitsarar maza, wanda aka fara da manyan asibitoci shida, ciki har da na Abuja da na Shika. Akwai kuma cibiyar ƙasa ta bincike da maganin ciwon daji, NICRAT. Mutumin ƙauye nawa ne ya taɓa jin labarinsu? Duk wanda aka tura waɗannan asibitoci, ya tambayi ofishin walwalar marasa lafiya yadda ake shiga asusun. Muna kira ga gwamnatin jihar Nasarawa da hukumarta ta inshorar lafiya, NASHIA, da su kai rajista har ƙauyuka, a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci kan sassauta raɗaɗi da ziyarar gida, a tabbatar maganin zafi mai ƙarfi yana samuwa ta hannun likita. Yaƙi da shaye-shaye wajibi ne, amma kada ya zama dalilin da tsohuwa za ta kwana tana ihu. A kuma yi tunanin masauki mai sauƙi kusa da manyan asibitoci, don 'yan rakiya su daina kwana a baranda. Kada mu manta da abin da ke hana jinyar tun daga tushe: tun watan Oktoban 2023 ake yi wa 'yan mata allurar rigakafin dajin bakin mahaifa kyauta, kuma Nasarawa na cikin jihohin farko. Duk yarinyar da aka yi wa yau, wataƙila an 'yantar da wata 'ya daga zaman gefen katifa nan da shekara talatin.

Ke kuma mai jinya, kai kuma mai jinya, ga naku. Ku ci abinci a kan lokaci ko ba daɗi. Idan kuna da maganin hawan jini ko na sukari, kada ku bar shi. Wanda ya ce zai karɓe ku, ku ba shi, ko da ba zai yi daidai yadda kuke yi ba. Ku sami mutum ɗaya da za ku riƙa buɗe wa ciki. Idan baƙin ciki ya kai ga ba kwa barci ko kuna jin rayuwa ta ishe ku, ku gaya wa likita, wannan ma ciwo ne mai magani. Idan kuka faɗi, mutum biyu ne suka faɗi.

Wasu suna warkewa, musamman waɗanda suka je da wuri, a yi murna a gode wa Allah. Wasu kuma kwana ya ƙare. A yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai, jama'a su watse. A lokacin ne ɗakin ke yin shiru, mai jinya ta riƙa farkawa ƙarfe 2 na dare don ta juya wadda ba ta nan. Ga bashi, ga gona a hannun wani. Ziyarar da ta fi amfani ita ce ta bayan arba'in, lokacin da kowa ya manta.

Saboda haka, masu sauraro, in kun je dubiya gobe, ku tambayi mai jiki kamar yadda aka saba. Sannan ku juya ga wadda ke riƙe da mafici, ku yi mata tambayar da tsohuwar nan ta yi wa 'yarta: "Ke kin ci wani abu kuwa?" Za ta ce ta ci. Kada ku yarda da sauri. Ku karɓi maficin.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙarfafi masu jinyarsu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.